Masu Ɗebo Wuta a Arewacin Kogin Kaduna

Kowace Laraba, da an idar da sallar la'asar a masallacin layinmu, nakan ɗaura zanen Zumuntar Mata, in sa Littafi Mai Tsarki da Littafin Waƙoƙi a leda, in kama hanya. Leda nake riƙewa tun 2012, lokacin da aka hana mata shiga majami'armu da jakar hannu. An daɗe da sassauta dokar, amma hannu ya riga ya saba. Daga gidana a Badarawa zuwa majami'a tafiyar minti 20 ce ga mai lafiyar ƙafa, ni kuwa yanzu sai na ci rabin awa. Baba mai gadi zai ɗaga ƙarfen da aka gitta a bakin ƙofa, mu gaisa, mu tambayi juna ƙarfin jiki. Bencin da ke ciki zai ɗauki mutum 300. Mu masu zuwa addu'ar Laraba, ranar da muka cika sosai, mu 14 ne.

Kwanan baya wata yarinya ta biyo gwaggonta daga Sabon Tasha. Ta dube mu, ta dubi bencin da ƙura ta kwanta a kai, ta ce da ni, "Mama, ku kam me yake riƙe da ku a nan?" Na ce mata Allah ne, gaskiya kuma na faɗa. Amma da na koma gida sai na ga amsar ta yi gajarta, domin Allah yana da hanyoyin da yake riƙe mutum, kuma ni na ga wasu daga cikinsu da idona. Su nake so in bayyana, don 'yan'uwana Kirista, da kuma maƙwabtana Musulmi da suke ganin wucewarmu kowane mako ba su san abin da muke yi a ciki ba.

Na zo Kaduna amarya a 1984. A lokacin ba mai tambayar addinin mai gida kafin ya kama haya. Manyan majami'un garin ma a arewacin kogi suke har yau: St. Michael ta Angilikan da St. Joseph ta Katolika suna tsakiyar gari, hedkwatar HEKAN, wato Haɗaɗɗiyar Ekklesiyar Kristi a Nijeriya, tana titin Katsina. A Fabrairun 1982 Fafaroma John Paul na Biyu ya yi babban taro a dandalin Murtala, inda ya naɗa sababbin limaman Katolika. Maigidana ba ɗan Katolika ba ne, amma ya je, kuma har ya bar duniya yana ba da labarin cikar da filin nan ya yi. Kawo, Hayin Banki, Unguwar Dosa, Unguwar Rimi, Abakpa, Tudun Wada, duk inda ka shiga ranar Lahadi da safe za ka ga iyalai sun yi kwalliya sun nufi sujada.

Ranar Litinin 21 ga Fabrairun 2000 ce ta raba garin. Zanga-zangar da aka yi kan batun shari'a ta rikiɗe ta zama faɗa na kwanaki, a watan Mayu aka sake, sannan a Nuwamban 2002 aka ƙara kan gasar sarauniyar kyau ta duniya. Bayan kowane tashin hankali sai ka ga a-kori-kura ɗauke da gadaje da tukwane suna haye gadar Stadium zuwa kudu, wasu kuma suna hayowa arewa da kayan Musulmin da suka baro Sabon Tasha da Television da Unguwar Romi, su ma da nasu makokin da nasu hawayen. Har aka kai matsayin da wasu ke kiran arewacin gari Makka, kudanci kuma Urushalima. Ban taɓa jin daɗin wannan lakabin ba, don bayansa akwai gidajen da aka sayar da arha cikin kuka.

Mu ba mu tashi ba. A rikicin Fabrairun 2000 maƙwabcinmu, wani Alhaji mai sayar da taya, ya shigar da mu cikin gidansa ni da yara huɗu da ubansu, ya ajiye mu a ɗakin uwargidansa kwana 3, shi kuma ya shimfiɗa tabarma a zaure ya zauna. Bayan ƙura ta lafa 'yan'uwa suka matsa mu ƙaura. Maigidana ya ce ba zai iya duban idon mutumin da ya tare masa ƙofa da jikinsa ya ce masa ya ji tsoron zama kusa da shi ba. Muka zauna. Amma majami'armu ta zube. Mawaƙa suka tafi, malaman makarantar Lahadi suka tafi, masu hannu da shuni da ke ɗaukar nauyin gyaran rufi suka tafi. Sujada biyu da ake yi, ta Hausa da ta Turanci, ta koma ɗaya.

Abin da ke sa Kirista ya ci gaba da addu'a da karatu da hidima ba tare da an tilasta masa ba, a majami'a muna kiransa himma, wani lokaci ƙwazo. Manzo Bulus, a wasiƙarsa ta biyu zuwa ga almajirinsa Timoti, ya kamanta baiwar Allah da wutar da sai ana hura ta. Wannan kwatancin bai taɓa yi mini wuyar ganewa ba. A ƙauyenmu, can wajen Malumfashi, ba kowane gida ke da ashana ba. Da dare mahaifiyata takan binne garwashi a cikin toka, da asuba ta tona, ta ɗora kara, ta durƙusa ta yi ta hurawa har ido ya yi ja. Ranar da ta tarar ya mutu sai ta miƙo mini tsingaro ta ce, "Maza je ki gidan su wance ki ɗebo wuta." Ba wanda yake jin kunyar wannan aiken, domin gobe su ma 'yarsu za ta zo namu gidan da nata tsingaron.

Akwai kuma wutar kara, mai tashi sama nan da nan, ta haska ko'ina, kafin ka ɗora tukunya ta zama toka. Tsoro yana kunna irin wannan. Shekarar 2012 ta nuna mini haka. Ranar Ista, 8 ga Afrilu, bam ya tashi kusa da Sardauna Crescent, ya ci 'yan acaɓa da masu shayi da masu wucewa, bai tambayi addinin kowa ba. A watan Yuni aka kai wa majami'u hari a Zariya da Tirkaniya, ramuwar gayya ta biyo baya, aka kulle mu a gida dare da rana. Sai Lahadi 28 ga Oktoba, muna tsakiyar waƙa, muka ji ƙarar da ta girgiza tagogi. Mota ce aka kutsa da ita majami'ar St. Rita da ke Unguwar Yero, nan kusa da mu, ana cikin sujada. A makonnin da suka biyo baya, majami'armu ta cika irin cikar da rabon da a gani tun kafin 2000. Mutanen da suka shekara ba su leƙo ba suka dawo, aka yi azumi, aka kwana ana addu'a, samarin Boys' Brigade suna laluben kowa a ƙofa. Fasto ya ce falkaswa ce ta zo, wato farkawar ruhaniya. Ni ma na ɗauka haka ne. Kafin Ista ta zagayo, mun koma adadinmu na da.

Ba na raina taron falkaswa. Nakan je, nakan yi kuka a ciki, akwai kuma waɗanda na sani da suka bar giya tun daga irin wannan dare ba su sake komawa ba. Amma taro na kwana uku ba ya ciyar da mutum shekara. Na fi damuwa da masu wa'azin da ke auna himma da ƙarfin lasifika da kaurin ambulan ɗin baiko, suna yi wa talaka alkawarin mota da aure kafin ƙarshen shekara. In Disamba ta wuce ba mota ba miji, sai yarinya ta ɗauka ko Allah ya ƙi ta ko bangaskiyarta ce ba ta kai ba. Na ga 'yan mata da dama da irin wannan alkawarin ya kashe musu gwiwa fiye da yadda bam ya yi.

Tawa wutar a 2013 ta mutu. Maigidana ya rasu a watan Maris bayan jinyar wata 5. Yara duk sun yi aure sun haye kudu, ɗaya a Narayi, biyu a Sabon Tasha, autar tana Abuja. Ban yi shakkar Allah ba, ko kusa. Gajiya ce kawai ta sauko mini kamar hazo. In buɗe Littafi in karanta shafi guda, in rufe ban san abin da na karanta ba. In durƙusa addu'a, baki yana motsi, zuciya tana lissafin kuɗin wuta da na magani. Na fara da fashin Laraba ɗaya, na ce ruwa ne. Ta biyu na ce ƙafa. Daga nan ban sake neman dalili ba. Lahadi nakan je, in zauna a baya, in fita kafin a gama sanarwa don kada a tsare ni da gaisuwa. A ƙarƙashin gajiyar kuma akwai wani ɗaci da ban yarda na kira sunansa ba: ina jin haushin waɗanda suka tafi suka bar mu, ina jin haushin garin, har kiran sallar da na shekara 29 ina ji ya fara yi mini nauyi a kunne.

Wannan halin muna kiransa ja da baya, kuma kuskuren da ake yi shi ne a zaci sai mashayi ko mazinaci ne yake ja da baya. A Littafin Wahayi an tsawata wa ikkilisiyar Afisa alhali tana aiki tuƙuru, koyarwarta kuma daidai take. Laifinta shi ne ƙaunar da ta fara da ita ta huce. Mutum zai iya riƙe mabuɗin majami'a, yana ƙirga baiko duk Lahadi, murhunsa kuwa toka ce zalla.

Wata 7 ina haka. Ran nan da hantsi na ji sallama, sai ga Uwar Zumunta, wato shugabar Zumuntar Mata ta majami'armu, tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, ta girme ni da shekara 10. Tana riƙe da kwanon sha da kunun tsamiya da ƙosai a takarda. Na shirya jin wa'azi, har na tanadi amsoshina. Ta zauna a kan tabarma ta ce, "Malama, zo ki sha tun da zafinsa." Na ce na ƙoshi. Ta ce, "Ban tambaye ki ba." Na sha. Ta dubi ɗakin, ta tashi ta ɗaga labule, ta ɗauki tsintsiya. Sai da ta zo tafiya, tana sa takalmi, ta ce, "Kin san Kaka ta Unguwar Dosa idonta ya tafi gaba ɗaya?" Na ce ban ji ba. Ta ce, "Jikokinta Turanci kawai suka iya karantawa, ita kuma ba ta ji. Shekara guda ke nan ba wanda ya karanta mata Littafi. Ke ce malamar makaranta a cikinmu. Alhamis zan biyo miki." Na ce, "Mama, ni da kaina ban iya karanta wa kaina ba yanzu." Ta ce, "Ai ba kanki za ki karanta wa ba."

Kaka ta haura 80 a lokacin, mutuniyar Wusasa ce, ɗakinta ɗan ƙarami a bayan gidan ɗanta. Ta laluba ƙarƙashin matashi ta ciro Littafinta a naɗe cikin tsohon ɗankwali. Bangon ya rabu, an ɗinke shi da zaren buhu, gefen shafukan ya yi baƙi don yawan taɓawa. Tsohuwar fassara ce, wadda ta fara fitowa a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS ya jagoranta tare da Hausawan da suka yi aiki da shi. Miller ya zauna a birnin Zariya tun 1905, kafin mishan ɗin ya koma Wusasa, kuma iyayen Kaka suna cikin waɗanda suka koyi karatu a gidan mishan ɗin. Na zo da tawa fassarar ta baya, mai sauƙin Hausa, ta ce a'a, da nata za a yi. Na fara karanta Zabura. Ban kai aya ta uku ba sai na ji tana bina, leɓenta yana riga nawa. Da na yi tuntuɓe a wata tsohuwar kalma ta ce, "A'a 'yata, koma baya," ta gyara mini, da makafin idanunta a buɗe suna kallon rufi. Na shekara 32 ina koyar da yara karatu, ban taɓa ganin wanda yake sauraro kamar mai shan ruwa bayan azumi ba sai ranar. Na dawo gida a Keke Napep ina share hawaye da bakin mayafi.

Ba ranar ce wutar ta kama ba. Na yi Alhamis wajen 6 ina zuwa don kunyar Uwar Zumunta kawai. Amma dole in duba abin da zan karanta tun daren Laraba, don kada Kaka ta kama ni da kuskure, kuma a wajen wannan dubawar ne kalmomin suka fara yi mini magana kuma. Wata Alhamis ta ce in karanta mata labarin Annabi Iliya, wanda Musulmi ke kira Ilyasu, a Littafin Sarakuna na Fari. Mutumin da ya tsaya shi kaɗai gaban annabawan Ba'al 450 a Dutsen Karmel har wuta ta sauko, shi ne kuma ya ruga jeji don barazanar sarauniya Yezebel, ya zube ƙarƙashin wani ɗan itace ya roƙi mutuwa. Abin da ya tsaya mini shi ne yadda aka yi da shi. Mala'ika ya tashe shi ya ba shi gurasa da ruwa, ya bar shi ya koma barci, ya sake tashinsa ya ci. Sai daga baya, a Dutsen Horeb, aka sanar da shi akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa gunki ba, aka ba shi sabon aiki, aka haɗa shi da Elisha. Ina karantawa ina tuna kunun tsamiya da tsintsiya. Da na gaya wa Uwar Zumunta, sai ta ce ita ba ta yi wannan lissafin ba, ta dai ga na rame ne.

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma ban san ƙungiyar da ta ɗauki wannan maganar da gaske kamar Zumuntar Mata ba. Kusan kowace ikkilisiya mai sujada da Hausa tana da ita, ECWA da HEKAN da COCIN da EYN da Baftis, har da Katolika, kowace da zanenta. Na waje waƙarmu yake ji, da tulu da caki da ƙuge, ya ɗauka shi ke nan aikin. Waƙar kuwa kan gaba ce kawai. Akwai magatakarda mai littafin suna, duk wadda aka kira sau biyu ba ta amsa ba, sai a tura mata biyu su je su gano. Akwai ma'aji mai tara ɗan abin da kowa ta kawo, daga ciki ake sayen sabulun mai jego, da hatsin gwauruwa, da kuɗin motar zuwa asibitin Barau Dikko duba mara lafiya. In an yi rasuwa mu ne masu kwana a gidan, mu ne masu girki. Haka ƙungiyar Sabon Rai Don Kowa, da ta fara a shekarun 1960, ta ginu a kan ƙananan taron addu'a a gidaje kafin a fita wa'azi. Fita da ganga a bi layi ya yi wuya a unguwanninmu yanzu, hikima ma ba ta yarda ba, amma addu'ar gida-gida ba wanda ya hana mu.

Akwai wani taimako da nake samu wanda 'yan'uwana na kudancin gari ba su da shi sosai, ko da yake wasu ba sa son in faɗa. Ladanin layinmu shi ne agogona. In ya yi kiran farko nakan farka, in ji ƙofofi suna buɗewa, in ji takun tsofaffin da suka girme ni suna jan ƙafa zuwa masallaci cikin sanyin hunturu. Sai in ce wa kaina, to ke fa? In kunna fitila, in yi waƙa ɗaya a hankali, in karanta sura guda, in kira sunayen 'ya'yana da jikokina gaban Ubangiji. Bangaskiyarmu ba ɗaya ba ce, ni na san wanda nake bi kuma ban ɓoye wa kowa ba. Amma naciyar maƙwabci tana tsokanar tawa. A watannin da na ja da baya, Hajiya, uwargidan Alhajin nan, ita ce ta fara lura. Wata Laraba ta leƙo ta katanga ta ce, "Malama, yau ma ba zuwa addu'a? Lafiya kuwa?" Na ce jiki ne. Ta ce, "To Allah ya sawwaƙe. Amma mai takaba in ya bar ibada, da me zai riƙe zuciyarsa?" Daga baya na gano ita ce ta tare Uwar Zumunta a kasuwar Kawo ranar Talata ta ce mata a zo a duba ni.

Wannan ya kawo ni ga wata irin himma da nake tsoro fiye da sanyin gwiwa, wato wadda ƙiyayya ke hurawa. Tana da zafi, tana cika majami'a, tana sa matashi ya ji shi jarumin Almasihu ne, alhali abin da ke ci a ƙirjinsa ramuwa ce. Garin nan yana da shaida a kai. Fasto James Wuye da Imam Muhammad Ashafa, kowannensu jagoran matasa ne mai zafin addini. A wani rikicin da aka yi a 1992 Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa. A 1995 aka haɗa su, suka kafa cibiyar sasanta mabiya addinai a nan Kaduna, suna kuma cikin waɗanda suka yi ɗawainiyar yarjejeniyar zaman lafiya da shugabannin addini suka sa wa hannu a Agustan 2002. Wata 3 bayan sa hannun aka sake faɗa, su kuma ba su fasa ba. Wuye ya sha faɗa a bainar jama'a cewa ko bayan sun fara aiki tare, ya ɗauki shekaru kafin ƙullin da ke zuciyarsa ya warware. Na yarda da shi, don na san nauyin abin a ƙaramin ma'auni. Yafewa ta fi azumin kwana 40 wuya, kuma ba a tafa wa mai yin ta. Bishop Josiah Idowu-Fearon, da ya riƙe Angilikan ta Kaduna kafin ya zama babban sakataren Angilikan ta duniya a 2015, ya sha suka daga wasu Kirista saboda zurfin karatunsa kan Musulunci da kusancinsa da malamai. A ganina mai irin wannan haƙurin ya fi mai ihu himma.

Damuwata yanzu matasa ce. Kullen korona na 2020, da ya rufe majami'u da masallatai a Kaduna tun daga ƙarshen Maris har cikin Yuni, ya koya wa da yawa yin sujada a waya, wasu kuma ba su dawo ba har yau. Wa'azin waya yana da amfaninsa, ni ma jikata ta sa mini Littafi Mai Tsarki na Hausa mai magana a tawa. Amma waya ba ta san ka rame ba. Waɗanda suka rage kuma, da yawansu sun fi son su bi titin Yakowa su haye zuwa manyan majami'un kudu masu kayan kiɗa da dubban mutane. Ban ga laifinsu ba, matashi yana son ya ga tsaransa. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin mota ya sa wasu sun rage hayewa, sai dai maimakon su dawo wurinmu, sai su kwanta a gida. Laifin a nan namu ne manya. Mun riƙe karatu, mun riƙe waƙa, mun riƙe mabuɗi, yaro ya zo ya zauna kamar baƙo, ba abin da zai lalace in bai zo ba. Ni abin da ya tashe ni shi ne wata tsohuwa tana jirana ranar Alhamis. Su wa yake jiransu?

Mahaifina mai bishara ne, da keke ya yi yawon ƙauyukan Malumfashi da Kafur, wani wurin ya shekara 5 yana zuwa kafin mutum ɗaya ya nemi baftisma. In gwiwarsa ta yi sanyi yakan ba mu labarin samari uku da suka sauka Legas a ƙarshen 1893 da niyyar kawo bishara ƙasar Sudan, kamar yadda ake kiran yankinmu a lokacin. Walter Gowans ya mutu a Girku, cikin jihar Kaduna ta yau, a 1894. Thomas Kent ya mutu a Bida. Rowland Bingham ya koma gida da zazzaɓi, ya sake zuwa, ciwo ya sake kora shi. Sai a yunƙuri na uku aka kafa tasha a Patigi a 1902. Daga wannan mishan ɗin, SIM, ECWA ta fito a 1954. Baba yakan ce Gowans bai ga ko benci ɗaya ba. Ina ƙarama ban gane me ya sa wannan labarin mutuwa yake ƙarfafa shi ba. Sai da na fara ƙirga mata 14 a ɗakin mutum 300.

Kaka ta rasu a 2017, an binne ta a Wusasa, ɗanta ya kawo mini Littafin nan a cikin ɗankwalinsa ya ce ita ta bar wasiyya. Yarana har yanzu duk Kirsimeti sai sun tayar da maganar in sayar da gida in koma kusa da su, nakan ce su bari tukuna. Uwar Zumunta kuwa shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da ita tun bara, tana gidan 'yarta a Malali, magana tana yi mata wuya amma kunnenta garau. Larabar da ta wuce an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, mu 6 muka zo. A cikinmu akwai wata yarinya 'yar shekara 16, 'yar wani ɗan sanda da aka yi wa canjin aiki zuwa Kawo, tana zama can baya ba ta magana da kowa. Na miƙa mata Littafin na ce ta karanta mana. Hausarta tana tsalle, ta tsaya sau uku, na ce ta koma baya. Da aka tashi na tambaye ta ko tana da abin yi ranar Alhamis bayan makaranta. Ta ce babu. Na ce ta same ni a bakin gadar Kawo da ƙarfe 4, akwai wata tsohuwa a Malali da za mu je mu karanta wa, ni zan biya kuɗin keke, ita kuma ta riƙo mana kwanon kunu.